Kundin aikin ƙwan lantarki, daga ramin ma'adinai zuwa juji

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau muka buɗe fayil ɗin aikin. Mu uku ne: ni, da injiniyan lantarki wanda ya girme mu duka, da ɗalibar da ke rubuta kundin digirinta na biyu a wannan fanni. Abin da aka ɗora mana ƙwan lantarki ne na LED mai wat 9. Kwalinsa ya ce yana ba da haske lumen 800 (lumen ma'aunin yawan haske ne), kuma zai yi awa 15,000. Kamfanin da ke harhaɗa shi yana son sanin nauyin da ƙwan yake ɗora wa muhalli, tun daga ramin da aka haƙo ƙarfensa har ranar da aka jefar da shi. Masu sana'ar suna ce wa wannan awo LCA. Mu a tsakaninmu mukan ce awon zanin goyo zuwa kabari.

Sana'ar ba yau ta fara ba. Tun 1969 Coca-Cola ta sa aka yi mata irin wannan lissafi a Amurka a kan mazubin da ya fi dacewa, kwalba ko roba ko gwangwani. Ƙa'idar da muke bi, ISO 14040 da ISO 14044, bugun 2006 ce, kuma ta kasa aikin gida huɗu: a faɗi manufa da iyaka, a ƙidaya abin da ya shiga da abin da ya fita, a auna tasirinsa, sannan a yi fashin baƙi.

Yinin ya ƙare ne a gardamar mudun da za mu yi awo da shi. Na rubuta "ƙwai ɗaya" a allo, injiniya ya tashi ya goge. Ya ce ba wanda ke sayen ƙwai don ya kalle shi, haske ake saya. Tsohon ƙwai mai zare, mai wat 60, awa 1,000 yake yi, sai ka ƙona goma sha biyar kafin ka kamo ɗaya daga cikin namu. Muka tsaya a kan haske lumen 800 na tsawon awa 15,000, wato lumen-awa miliyan 12. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ma da haske ta yi awo a bincikenta na 2012, sai dai ita miliyan 20 ta ɗauka.

Ɗalibar ta ce, "Malam, to awa 15,000 ɗin wa ya ƙirga?" Muka yi dariya muka wuce.

Laraba, 22 ga Janairu

Shingen lissafi. In ka ce za ka bi kowane zare har ƙarshensa ba ka gamawa: motar da ta ɗauko yashin gilashi tana da taya, tayar tana da masana'anta, masana'antar tana da rufi. Dole a ja layi, a kuma rubuta inda aka ja shi.

Mun shigar da haƙo ma'adinai da tace su, ƙera sassa, harhaɗawa, kwali, sufuri, wutar da ƙwan zai sha, da zubarwa. Mun fitar da zirga-zirgar ma'aikata da gidan fitilar da ake ɗaura ƙwan a ciki. Duk abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙwan ba za a iya barinsa, amma da sharaɗi, kuma injiniya ne ya nace a kan sharaɗin: zinare, azurfa da ƙwayoyin LED ɗin kansu sai sun shiga, ko da sikeli bai ji su ba. Zinaren da ba a gani sai da madubin ƙara girma, ƙasa mai yawa aka tona kafin a same shi.

Manhaja openLCA za mu yi amfani da ita, ta kamfanin GreenDelta da ke Jamus, tunda kyauta ce kuma kowa na iya buɗe fayil ɗinmu ya duba. Rumbun bayanai kuma ecoinvent na Suwizalan.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Gani ya kori ji. Mun fasa ƙwai uku.

Murfin farar roba ce, an manne ta da gam, da bakin sukundireba na ɓamɓare ta. A ƙarƙashinta wani faifai ne na alminiyam, ƙwayoyin LED a jere a kansa kamar an ɗiga rawayen fenti. Rawayen nan hoda ce da aka shafa a kan ƙwaya mai ba da shuɗin haske, gaurayar biyun ce ido ke gani fari. Shuɗiyar ƙwayar ce ta sa aka ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Da na ɗaga faifan sai ga ƙoƙon alminiyam siriri a lulluɓe cikin robar jikin ƙwan, shi ke kwashe zafi. A can ƙasa kuma, kusa da gindin ƙarfe mai murɗawa, ɗan fanel ne mai daidaita wuta, bai fi ɗan yatsa ba, da kafasita guda, mai riƙe ɗan caji don wutar ta daidaita, a tsaye a kansa kamar ƙaramar ganga. An rubuta 105°C a jikinta.

Ɗalibar tana aunawa, ni ina rubutawa. Alminiyam ɗin duka ya tashi kusan giram 10. Na yi lissafinsa a bayan takarda tun kafin mu kunna kwamfuta: narkar da sabon alminiyam yana cin wajen yunit 14 na wuta a kowane kilo, don haka giram 10 ya ci yunit 0.14. Ƙwanmu zai shanye wannan cikin awa goma sha biyar da rabi. Na sake lissafin don ban yarda ba. Ƙarfen da kowa ke tsoronsa a wannan sana'a, ƙwan yana cin wutar narka shi tun bai yi kwana guda a kunne ba.

Injiniya bai tsaya awon giram ba. Ya kafa katako da mazaunin ƙwai goma sha biyu, shida a sarari, shida a cikin rufaffen gidan gilashi irin wanda ake mannawa a silin. Ya kunna su da ƙarfe huɗu na yamma ya ce ba mai kashewa. In suka yi ta ci dare da rana, awa 15,000 za ta cika ne ranar 21 ga Oktoban 2026. Rahotonmu kuwa a bana ake jiransa. Na ce masa ɓata wuta ne. Ya ce a bar shi da ɓarnarsa.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Takardar tambayoyi ta yi mako uku a hannun masu kawo wa kamfanin sassa. Mai kwali ya amsa har da hoton mitarsa. Mai roba ya aiko rabin amsa. Mai ƙwayoyin LED ya ce sirrin sana'a ne, mai fanel kuwa ko ci kanku bai ce ba.

Inda babu amsa, matsakaicin alƙaluman rumbu za mu ɗauka, mu yi musu maki a kan abubuwa biyar da Weidema da Wesnæs suka tsara a 1996: ingancin tushe, cikar bayani, shekarunsa, yankin da aka samo shi, da ko fasahar iri ɗaya ce da tamu. Layin ƙwayoyin LED ya sha jan biro.

Alhamis, 6 ga Maris

Gwajin farko ya fito da abin kunya. Manhajar ta ce ƙera ƙwai ɗaya yana fitar da iskar kabon da ta fi ta ƙera kwamfutar da nake aiki da ita. Na yi rabin yini ina zargin rumbun bayanai, har na fara rubuta musu wasiƙar ƙorafi.

Ɗalibar ce ta gano. Ta ce, "Malam, duba nan." Rumbun yana auna fanel marar sassa da murabba'in mita, ni kuwa na shigar da adadin da muka auna da murabba'in santimita. Na ninka ɗan fanel ɗin nan sau dubu goma. Allah ya sa ban aika wasiƙar ba.

Allura kuma ta tono garma. Da muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya sai muka ga a wani wurin na ɗauki bayanin fanel wanda aka riga aka jera wa sassa, sannan na sake ƙara kafasita da sauran tarkacen a kai, an ƙirga su sau biyu ke nan. Bayan haka, wancan bayanin ya fi kama da fanel mai tarin ƙwaƙwalwar lantarki da zinare, namu kuwa talaka ne. Mun rushe sashen, za mu gina shi sassa-sassa.

Juma'a, 7 ga Maris

Sabuwar doka: ba wanda zai shigar da adadi shi kaɗai. Ɗaya ya karanta har da sunan ma'aunin, ɗaya ya buga.

Laraba, 2 ga Afrilu

Alƙaluman wucin gadi sun tsaya da ƙafarsu. Duk wahalar ƙera ƙwan, da kwalinsa da jigilarsa, ta tashi kilo ɗaya da 'yan kai na iskar kabon. Sai kuma wutar da zai sha: wat 9 sau awa 15,000, yunit 135.

Nauyin yunit 135 ɗin nan ya danganta da inda wutar ta fito. Rahoton 2014 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya ba da matsakaicin abin da kowane yunit ke fitarwa, har da gina tashar: kwal giram 820, gas 490, falayen rana na saman rufi 41, madatsar ruwa 24, fankar iska ta tudu 11. In an ɗaura ƙwanmu a inda ake ƙona kwal, zai fitar da kilo 110 da ɗoriya, kuma duk abin da muka yi wata biyu muna aunawa da sikeli bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. In an ɗaura shi a inda iska ke ba da wuta, kilo ɗaya da rabi ne kacal, ƙerawa ta zama kusan rabin laifin. Ƙwai ɗaya, kwali ɗaya, amsa ta bambanta kusan sau arba'in.

Ba sabon labari ba ne. Binciken Amurka na 2012 ya riga ya ce wajen kashi 90 cikin 100 na makamashin fitila a lokacin amfani yake tafiya. Na san wannan tun kafin mu fara. Amma karanta shi a takardar wani daban, ganin makonninka sun koma ɗan siririn layi a ƙasan zane kuma daban. Mun bar jaki muna dukan taiki. Na sanar da kamfanin cewa ba za mu ba su adadi ɗaya ba, jadawali za su samu, kowace irin wuta da layinta. Ban ji alamar sun ji daɗi ba.

Ɗan ƙaramin abu: lissafina da na ɗalibar sun saɓa a bayan ɗigo. Ashe ni ina kan tsohon ma'aunin da ya ɗauki kilo ɗaya na iskar miten daidai da kilo 28 na kabon, na rahoton IPCC na 2013, ita kuma tana kan na 2021 mai 29.8. A 2007 ma 25 ne. Iskar ba ta canja ba, saninmu ne ya ƙaru. Mun koma na 2021 gaba ɗaya.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ƙwayaye goma sha biyu duk suna ci, awa 2,000 ta wuce.

Makon nan rabon alhaki ne ya cinye shi. Galiyam, wanda ake yin shuɗiyar ƙwayar da shi, ba a haƙa rami dominsa. Ana tsamo shi ne daga ruwan da ake tace ƙasar boksait a hanyar yin alminiyam, kuma kusan dukkansa daga ƙasar Sin yake fitowa. To hayaƙin matatar na wa ne? In aka raba da nauyi, galiyam ya fita fes, don ɗigo ne a teku. In aka raba da darajar kasuwa, kasonsa ya ƙaru, kuma zai riƙa hawa da sauka tare da kasuwar alhali bututun hayaƙin bai motsa ba. ISO 14044 ta ce a fara ƙoƙarin kauce wa rabon gaba ɗaya, in ya gagara a bi alaƙa ta zahiri kamar nauyi, in ita ma ta ƙi sai a koma ga daraja. Ta jera matakan, amma ba ta yanke maka hukunci ba. Mun gwada hanyoyin biyu, ba su girgiza jimillar kabon ba. A ma'aunin ƙarewar ma'adinai ne aka ga bambanci.

Na biyu ya fi zafi. Alminiyam ɗin da aka sake narkawa wajen kashi 5 cikin 100 na makamashin sabo yake ci. Wa zai ci ladan? Wanda ya sayi tsohon ƙarfe ya yi aiki da shi, ko wanda ya yi kayan da wata rana za a sake narkawa? Kamfanin yana son na biyun, don zai rage masa nauyi tun yau a kan alkawarin gobe. Na ɗauko ƙoƙon da muka ciro a Fabrairu na ajiye a tebur. Robar ta kama shi kam, da filaya ma sai da na yi gumi. Wa zai zauna ya yi wannan a kan giram 10? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen lantarki a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa. Mun tsaya a kan cewa ba lada sai ga ƙarfen da aka tabbatar tsoho ne ya shiga, ɗayar hanyar kuma mu nuna ta a gefe.

Talata, 20 ga Mayu

Zama da mutanen kamfanin. Mai kula da talla ya zo da jimlarsa a shirye: ƙwan ya fi tsohon ƙwai sauƙi ga muhalli da kashi 85 cikin 100. Lissafin wat 9 da wat 60 ne, kuma a ta fuskar wuta bai yi ƙarya ba.

Na kawo masa cikas biyu. Na farko, duk iƙirarin kwatanci da za a fitar wa jama'a, ƙa'idar ta ce sai kwamitin masu bita na aƙalla mutum uku, wanda wani na waje ke jagoranta, ya duba aikin. Na biyu, kokawa da gawa ce. Tarayyar Turai ta janye ƙwai mai zare daga kasuwa tsakanin 2009 da 2012, Amurka ma tun 2023 take tilasta mizanin lumen 45 a kowane wat, wanda shi ba ya kaiwa. Abokin karawar ƙwansu wani LED ne. Nasu yana ba da lumen 89 a wat ɗaya, aji F ke nan a takardar makamashin Turai ta 2021. Aji A daga 210 yake farawa. Irin wannan zai ba da haskenmu da wat 3.8, ya sha yunit 57 a maimakon 135. Yunit 78 ɗin da aka rage, a wutar kwal kilo 64 ne, ya ninka duk abin da ƙera ƙwan ya fitar sau da yawa. Ɗakin ya yi tsit. Injiniyansu ne kaɗai na ga yana rubutu.

Sai mai tallan ya ce to a haɗa masa dukkan ma'aunan su zama maki ɗaya. Tsarin Turai yana da ma'auni 16, daga ɗumamar yanayi zuwa shan ruwa da guba da cin ƙasa. Na ba shi labarin jakar auduga. Hukumar muhalli ta Ingila ta ce a 2011 sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta rama wa ledar roba a fuskar ɗumama. Ta Denmak a 2018 ta ce sau 52 in yanayi kaɗai ake dubawa, amma sau 7,100 in an bi ma'aunin da ya fi tsauri a cikinsu, wanda ya kasance na rufin ozon. Jaridu suka ɗauki babban adadin suka gudu, sharaɗin ya tsaya a cikin rahoto. Kuma ledar da ta ƙare a kogi ba ta cikin waɗannan adadi. ISO 14044 ma ta hana yin amfani da maki ɗaya na fifita ma'auni a kan ma'auni a irin wannan kwatanci na bainar jama'a. Wa zai ce lita nawa ta ruwa ce daidai da kilo ɗaya na kabon? Wannan ra'ayi ne, sikeli ba ya faɗa.

An tashi ba a sa hannu a kan komai ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Da safe injiniya ya kira ni kafin na ajiye jaka. Ƙwai na huɗu a layin rufaffu ya mutu. Tun ranar Alhamis yake ƙyaftawa, ya ce. Bai cika awa 3,200 ba.

Mun buɗe shi. Ƙwayoyin LED ɗin lafiyarsu ƙalau, da ya ba su wuta kai tsaye suka kama. Kafasitar ce kanta ya kumbura kamar an hura, robar kusa da ita ta yi launin ƙasa. Ya ɗauko littafin da yake rubuta zafi tun Fabrairu, wanda ban taɓa tambayarsa ba: a wajen kafasitar, na sarari suna zama kusan 75°C, rufaffun kusan 95°C. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi, cewa kowane ƙarin digiri 10 yana raba ran irin wannan kafasita biyu. Wadda aka yi wa alkawarin awa 2,000 a kan 105°C za ta kai 16,000 a kan 75, amma 4,000 kawai a kan 95. Awannin da ake rubutawa a kwali kuwa galibi daga dusashewar haske ake ƙiyasta su, wato lokacin da zai sauka zuwa kashi 70 cikin 100. Ƙwayar ake yi wa wannan duba, ita kuwa ba ita ke fara mutuwa ba.

Ƙwai ɗaya cikin shida ba hujja ba ce, kuma ci ba kashewa bai yi kama da yadda mutane ke amfani da fitila ba. Amma mudunmu na 13 ga Janairu a kan awa 15,000 yake zaune. In ƙwan da ke rufaffen gida awa 3,000 yake yi, biyar ake buƙata don aikin guda, nauyin ƙerawa ya ninka biyar. A wutar kwal ba zai taka kara ya karya ba. A wutar iska ko ta ruwa, shi ne mafi yawan lissafin. Abin da zai raba gardamar kuma wata 'yar ganga ce da a jadawalinmu nauyinta ko a jikin jimilla.

Ɗalibar ba ta ce komai ba. Ta buɗe shafin farko na kundin nan ta tura mini.

Abin da ke gaba: tsawon rai zai zama adadi mai motsi a lissafin, daga awa 3,000 zuwa 15,000, mu gudanar da shi ta hanyar Monte Carlo, wato kwamfuta ta riƙa canko adadi a tsakanin biyun tana sake lissafin, sau dubu tare da makin ingancin bayanai. Ni zan rubuta wa kamfanin in nemi sunan kafasitar da takardar gwajinta, in kuma nemi a ɗaga ranar miƙa rahoto. Injiniya yana son ƙarin katako na biyu mai agogon kunnawa da kashewa, na sa hannu ba musu. Ya ɗaura sabon ƙwai a mazauni na huɗu, ya rubuta kwanan wata a jikinsa da baƙin biro. Saura goma sha ɗaya na asali, kuma na biyu a layin rufaffu haskensa ya fara ja.